Ƙullutun da kurajen fuska suka bari ba na aska ba ne

Manyan kurajen fuska, irin masu zurfi da zafi, idan suka lafa sukan bar ƙullutu mai tauri a muƙamuƙi, ko ƙirji, ko kafaɗa. A Wudil, tsakanin ɗaliban Jami'ar Aliko Dangote da matasan cikin gari, bayanin da aka fi ji shi ne mugunya ce ta daskare a ciki, sai wanzami ya tsaga ko ya yi sakiya ta fita. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, shi ya sa ta daɗe. Ƙullutun da yake ja, mai ɗumi, mai zogi, ƙurjin ne bai mutu ba, kuma wani lokaci akan sami mugunya a ciki. Amma wanda ya yi wata da watanni yana nan da tauri, fatarsa sumul tana sheƙi, yana ƙaiƙayi, wannan tabo ne. Jiki ne ya zo ɗinke rauni ya zarce, ya tara zaren nama fiye da kima, kamar magini da ya zo toshe tsaga ya lafta laka har ta yi tudu. Babu abin da za a matse a cikinsa.

Tabon nan iri biyu ne. Akwai wanda yake tsayawa daidai bakin tsohon ƙurjin, kuma sau da yawa yakan kwanta a hankali cikin shekara ɗaya ko biyu. Akwai kuma wanda likitoci ke kira kiloyid, mai tsallake iyakar raunin yana faɗi, wanda da wuya ya tafi da kansa. Ya fi kama masu baƙar fata, yana bin dangi, kuma rauni ne ke tayar da shi, ko da hujin kunne ne. Saboda haka aska ita ce abu mafi haɗari gare shi. Ko a asibiti, idan aka yanke kiloyid ba a haɗa da wani magani ba, fiye da rabi suna dawowa, wasu ma fiye da girman farko. Za a ce ai wane an yi masa sakiya ya warke sarai. Ba a musa ba, sai dai mai yiwuwa maruru ne ya yi, ko kuma jikinsa ba mai yin kiloyid ba ne, kuma wanzami ba shi da hanyar tantance hakan kafin ya sa aska. Askar da aka yi wa wani aiki da ita ba a tsabtace ba kuma tana iya ɗauko ciwon hanta.

Batun cewa dattin jini ne ke kawo kurajen ba shi da tushe. Kurajen suna farawa ne idan ƙofar gashi ta toshe da maiƙon fata, ƙwayoyin cuta suka samu wurin zama, wurin ya kumbura, don haka ƙaho ko jiƙon wankin ciki ba sa kaiwa gare su. Tabon kuwa ba ciwon daji ba ne, ba a kuma ɗaukarsa a wurin wani. Man goge baki da lemun tsami da tafarnuwa ƙona fata kawai suke yi su bar baƙin tabo a kan ƙullutun. Abinci kuwa, akwai 'yar hujja cewa yawan zaƙi da madara suna ƙara kuraje ga wasu, amma barin gyaɗa bai taɓa narkar da tabo ba.

Inda mutane suka fi rikicewa shi ne mayukan kyamis masu sinadarin siteroyid, waɗanda da yawansu su ne ake bilicin da su. A shekarar 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a Najeriya. Mai shafawa zai ga ja da ƙaiƙayi sun ragu cikin kwanaki, ya ɗauka waraka ce, alhali fatar siranta take yi, sababbin kuraje kuma suna tafe. Mai hankali zai tambaya: to ai allurar da likitan fata ke yi ma siteroyid ce. Haka ne, tirayamsinolon ce, amma cikin tabon kansa ake tura ta, a ƙididdige, duk bayan mako 4 zuwa 6, har ya yi laushi ya kwanta. Ita ma in ta yi yawa tana sa wurin ya lotsa ko ya yi fari, wanda ya sa ba aikin mai kyamis ba ce. Akan haɗa da ledar silikon da ake mannawa tsawon watanni, ko daskarar da tabon da sanyi, ko da yake wannan na iya barin fari a baƙar fata.

Ƙorafin da ya fi ƙarfi shi ne na kuɗi da zirga-zirga, domin maganin ba na zuwa ɗaya ba ne, kuma ko an yi shi daidai kiloyid na iya dawowa. Gaskiya ne. Amma daga Babban Asibitin Wudil ana iya tura mutum ga likitocin fata a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, tafiyar da ba ta kai ta yini ba, kuma ƙaramin tabo ya fi babba jin allura. Wanda har yanzu kurajensa ke fitowa, su za a fara kashewa, da ƙwayoyi irin su dokisisaikilin, ko aisotiretinoyin idan sun yi tsanani. Wannan na biyun yana nakasa ɗan tayi, don haka mai ciki ko mai neman haihuwa ba ta shansa, kuma ba a sayensa sai likita ya rubuta. Ƙullutun da yake girma da sauri, ko yake zubar da jini, ko ya zama gyambo, wannan a kai shi a duba da wuri, domin ba lallai ne kuraje suka haife shi ba.