Illolin Na'urorin Taimakon Direba a Motocin Zamani

A motocin da, irin su Peugeot 504 wadda aka daɗe ana harhaɗawa a Kaduna, ƙafar direba da injin mota a haɗe suke. Idan ya taka totur, wata siririyar wayar ƙarfe ce take jan bakin kafireto ya buɗe, iska da mai su ƙaru, mota ta ƙara gudu. A motar yau babu wannan waya. Abin da direba yake takawa saƙo kawai yake aikawa ga wata kwamfuta, wadda kanikawa suke kira ƙwaƙwalwar mota, ita kuma ta auna, ta yanke shawarar yawan man da za ta ba inji. Haka abin yake ga giya, da birkin hannu, har ma da sitiyari a wasu motocin. (Mai karatu zai lura cewa totur da birki da sitiyari da giya duk kalmomin aro ne daga Turanci, waɗanda suka shigo tare da motar kanta, Hausa ta gyara su daidai da bakinta.)

Ba a yau aka fara ba. Tun a 1978 kamfanonin Mercedes-Benz da Bosch na Jamus suka fito da birkin ABS, wanda yake hana tayoyi kafewa idan an taka birki da ƙarfi. A 1995 aka ƙaro na'urar da take hana mota zamewa a kwana. Babu mai musun cewa waɗannan sun ceci rayuka masu yawa. To amma kowane allazi da nasa amanu.

A watan Agusta na 2009, kusa da birnin San Diego na Amurka, wata mota ƙirar Lexus ta ƙwace wa direbanta, ta yi ta gudu har ta yi hatsari, mutum huɗu 'yan gida ɗaya suka rasu. Direban ba ɗan koyo ba ne, jami'in 'yan sandan kan hanya ne. Bincike ya nuna cewa shimfiɗar ƙasan motar ce ta danne totur. A tsohuwar mota da sai ya murɗa makulli ya kashe inji. Wannan kuwa ba ta da makulli, maɓalli ake dannawa, kuma idan tana cikin tafiya ba ta mutuwa sai an danne maɓallin har tsawon daƙiƙa 3. Motar kuma aro ce aka ba shi a garejin da ya kai tasa gyara. Bayan wannan, kamfanin Toyota ya janye miliyoyin motoci, aka kuma shiga muhawara a kan ko ƙwaƙwalwar motar ma tana da laifi. Injiniyoyin hukumar NASA sun bincika, a 2011 suka ce ba su gano aibi a na'urorin ba. A 2013 kuwa, a wata shari'a a jihar Oklahoma, masu taya alƙali yanke hukunci suka gamsu da hujjar masanan da suka ce manhajar tana da kurakurai. Abin lura a nan shi ne saɓanin da kansa. Wayar ƙarfe idan ta tsinke kowa zai gani da idonsa, amma kuskuren manhaja yakan zo ya wuce bai bar sawu ba, har ƙwararru su rasa abin da za su haɗu a kansa.

Sai dai a ganina babbar illar ba a cikin na'ura take ba, a cikin kan direba take. A 1983 wata masaniyar halayyar ɗan Adam 'yar Ingila, Lisanne Bainbridge, ta rubuta wata maƙala game da masana'antu masu sarrafa kansu. Ta nuna cewa idan aka miƙa wa na'ura aiki mai sauƙi, abin da ake bar wa mutum shi ne ya zauna ya sa ido, sa'an nan ya karɓi aiki a lokacin da abu ya rikice. Ke nan an raba shi da aikin da yake kaifafa hannunsa kullum, an bar masa mafi wuyar, wanda yake zuwa ba zato ba tsammani. Ga shi kuma ɗan Adam ba ya iya daɗewa yana gadin abin da yake tafiya lami lafiya. Hankalinsa sai ya tafi wani wuri.

Ba a kan mota ta yi maganar ba, amma kamar motar yau ta gani. Akwai na'urar da take riƙe mota a tsakiyar layinta, akwai wadda take daidaita gudu da tazarar motar gaba. Idan aka haɗa su biyu, direba ya zama maigadi. A watan Mayu na 2016, a jihar Florida, wata motar Tesla tana tafiya bisa tsarin da kamfanin ya raɗa wa suna Autopilot, sai tirela ta gitta mata. Motar ba ta taka birki ba, direban ma bai taka ba, ta shige ƙarƙashin tirelar, ya rasu nan take. Kamfanin ya ce na'urar ta kasa bambance farin jikin tirelar da hasken sararin sama. Masu bincike kuma suka gano cewa a cikin minti 37 da ya kamata hannun direban ya kasance a kan sitiyari, daƙiƙa 25 kawai ya riƙe shi. A watan Disamba na 2023 Tesla ta amince ta gyara motoci fiye da miliyan 2 a Amurka, domin a tsaurara yadda suke tabbatar da cewa direba yana kallon hanya. Sunan da kansa yana da nasa laifin, domin wanda aka ce masa motarsa tana tuƙa kanta ba zai zauna cikin shiri ba.

Akwai kuma allon taɓawa, wanda ya maye gurbin maɓallai. Direban da ya saba da motarsa yakan kunna fanka ko waifa da lalube, idonsa yana kan titi. Allo kuwa sumul yake, dole sai an kalle shi. Motar da take gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, saboda haka kallon daƙiƙa 2 tafiyar fiye da mita 50 ce a makance. Shi ya sa ƙungiyar Euro NCAP, mai gwada lafiyar motoci a Turai, ta sanar a 2024 cewa daga 2026 motar da take son cikakken maki sai ta tanadi maɓallai na zahiri domin sigina da ham da waifa da fitilun gargaɗi.

Motar da take haɗe da intanet kuma ana iya yi mata kutse. A 2015 wasu masu bincike biyu, Charlie Miller da Chris Valasek, suka sarrafa wata Jeep Cherokee daga nesa tana kan babban titi, abin da ya sa aka janye motoci miliyan 1.4.

Duk waɗannan a ƙasashen da aka ƙera motocin domin hanyoyinsu ne. Amma mota idan ta tsufa a Turai ko Amurka, sau da yawa jirgin ruwa take hawa ta sauka a Kwatano ko Legas ko Tema, ta ƙarasa rayuwarta a Kano ko Maraɗi ko Kumasi. Kyamarar da take bin layin titi tana buƙatar layin da aka zana da fenti, titunanmu da yawa kuwa ba su da shi. Ƙurar hunturu tana rufe idon na'urorin. Birkin ABS ma, da yake gwani a kan kwalta, a kan yashi ko burji yakan sa mota ta ƙara nisa kafin ta tsaya, domin tayar da ta kafe tana tara ƙasa a gabanta ta tare ta, shi kuma aikinsa hana kafewar.

Sa'an nan ga gyara. Bakaniken da yake gane ciwon inji da jin ƙararsa, yanzu sai ya nemi na'urar da ake jona wa mota ta karanto lambar matsala, wani gyaran ma ba ya yiwuwa sai da manhajar kamfanin. Ko gilashin gaba aka sake, kyamarar da take liƙe a jikinsa sai an sake daidaita ta, in ba haka ba ta riƙa ganin hanya a karkace. Inda kayan aiki suka yi tsada ko suka ɓace, abin da aka fi yi shi ne a cire na'urar da ta lalace, a kashe fitilar da take gargaɗi a gaban direba, mota ta ci gaba da tafiya. Wanda ya saye ta daga baya zai ga alamar ABS a jikinta, ya tuƙa ta da tsammanin kariyar da aka riga aka cire tun kafin ta zo hannunsa.