Doki ya ji ciwo a agara: yaushe za a koma hawansa?

Ƴan'uwa masu dawaki, a Damagaram da Maraɗi doki abin alfahari ne, musamman ranar hawan salla. Amma sukuwa guda cikin yashi mai zurfi tana iya nakasa shi. Ciwon yakan faɗa wa agara, wato babbar jijiyar da ke bayan ƙwauri. An fi samun shi a ƙafafun gaba.

Yaya ake gane shi?

Bayan ƙwauri yana kumbura. In kun taɓa wurin, za ku ji zafi, dokin kuma ya janye ƙafa. Sau da yawa yana ɗingishi. Ku sauke sirdi nan take, ku kira likitan dabbobi.

A kwanakin farko, ku riƙa zuba wa wurin ruwan randa mai sanyi, minti 20, sau 2 ko 3 a yini. Ku bar dokin a turke, ya huta. Kada ku ƙona wurin da ƙarfe mai zafi. Wuta ba ta ɗinke jijiya, sai dai ta ƙara wa dabba azaba.

Ina haɗarin yake?

Bayan ƴan satuttuka ɗingishi yakan ɓace. Mai doki ya ce ya warke, ya ɗaura sirdi. Nan ne ake yin hasara. Jini kaɗan ne ke ratsa agara, shi ya sa take jinkirin warkewa. Tana bukatar wata 9 zuwa 12. Ko ta warke, tabon ba ya miƙewa kamar jijiyar asali. In ta sake tsagewa, da wuya dokin ya koma sukuwa.

Ga yadda ake komawa aiki:

Wata 1 zuwa 3: ku ja shi da ragama, minti 5 zuwa 10 kullum. Ku riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan har ya kai minti 30.

Wata 4 zuwa 6: mutum marar nauyi ya hau, tafiya kawai, a fili mai ƙasa daidai. Ku kauce wa yashi da laka.

Wata 6 zuwa 9: a soma sassarfa, minti 2 ko 3 tukuna.

Bayan wata 9: ƙilisa a hankali. Tsere kuwa sai shekara ta cika.

Kowace safiya ku shafa ƙafafun biyu, ku gwada. In zafi ko kumburi ya dawo, ku koma matakin baya. Kafin kowane sabon mataki, likita ya duba. Ku rage gero, tun da ba ya aiki, ku ba shi harawa da ruwa isasshe. Ku gyara kofato kada ya yi tsawo.

Gara doki ya rasa salla guda da ya rasa ƙafa. Sannu ba ta hana zuwa.