Ido Ya Zama Katin Shaida

Mu masu aikin agaji mun san katin rabon abinci yakan ɓata, wani kuma yakan karɓa sau biyu. Shi ya sa aka koma ga ido. Zoben da ke kewaye da tsakiyar ƙwayar ido yana da zanensa na dabam, ko na tagwaye ba ɗaya ba ne. Na'ura takan ɗauki hotonsa ta mayar da shi lambobi, ta gane mutum duk ranar da ya dawo. A 2016 'yan gudun hijirar Siriya a sansanin Za'atari na Jodan suka fara sayen abinci ta wannan hanya.

Amma mu lura: kati akan sake shi, ido kuwa ba a sakewa. Dole a tsare bayanan nan, kada su faɗa hannun waɗanda aka guda.