Kuɗin da ke fita daga banki kowane mako: me za su nuna game da Tebaram?

Masana tattalin arziki suna da wata tsohuwar dabara ta gane ko harkoki sun motsa a wani yanki cikin makon da ya wuce, ba sai an jira ƙididdigar ƙarshen shekara ba. Ana zuwa bankunan yankin a tara jimillar duk kuɗin da suka fita daga asusun mutane da na kamfanoni cikin kwana bakwai: wanda aka biya da caki, wanda aka tura wa wani, da wanda aka karɓa a hannu. Sai a gwada jimillar da ta makon jiya, da kuma ta irin wannan mako a bara. In ta hau, a ce ciniki ya buɗe. In ta sauka, a ce kasuwa ta yi sanyi.

Me ya sa ake ƙirga abin da ya fita, ba abin da ke ajiye ba? Domin kuɗin ajiya kamar ruwan da ke cikin rijiya ne, yawansa ba ya gaya maka ko garin na shayar da dabbobi. Wanda ya ƙirga gugan da aka jawo shi ne ya san aikin da rijiyar ta yi. A ce wani ɗan kasuwa a Tawa yana da miliyan 1 na sefa a asusunsa. Ranar Litinin ya biya mai hatsi. Ranar Talata mai hatsi ya biya mai babbar mota. Mai mota ya biya gidan mai, gidan mai kuma ya biya wanda ya kawo masa kaya. In duk ta banki aka yi, ajiyar da ke hannun bankuna tana nan miliyan 1 yadda take, amma abin da ya fita daga asusu ya kai miliyan 4, kuma cinikin miliyan 4 ɗin aka yi. Wannan saurin zagayawar kuɗi shi ne Irving Fisher na jami'ar Yale ya yi wa dogon bayani a littafinsa na 1911, inda ya nuna cewa yawan kuɗi, in aka ninka shi da saurin zagayawarsu, daidai yake da darajar duk cinikin da aka yi da su.

Amurka ce ta fi kowa amfani da wannan ma'auni. Babban bankinta ya fara tattara alƙaluman a 1918, mako-mako, kowane mako yana ƙarewa ranar Laraba, kuma daga 1919 aka riƙa bin garuruwa 141 ba fashi. Jaridun garuruwa suna buga su, 'yan kasuwa suna dubawa su ga ko garinsu ya fi na maƙwabta motsi. Tun a lokacin aka gano aibinsa na farko. A 1929 birnin New York shi kaɗai ya fitar da sama da dalar Amurka biliyan 600, sauran garuruwa 140 gaba ɗaya wajen biliyan 330. Ba wai mutanen New York sun fi sauran ƙasar cin abinci ko sayen tufafi ba ne. Saye da sayar da hannun jari ne ya kumbura lissafin. Don haka masu lura suka koma ware birnin gefe, suna duba sauran. Waɗannan kuwa sun faɗi gaskiya: a 1932, a tsakiyar karayar tattalin arziki, abin da ke fita daga asusunsu ya faɗi ƙasa da rabin na 1929. A 1942 aka mayar da ƙirgen wata-wata.

Ma'aunin ya yi aiki a can ne saboda dalili ɗaya: kusan duk wani ciniki mai kauri da caki ake biyansa. Wannan sharaɗi shi ne za mu ɗauko mu gwada a Adar, yankin da Tawa da Tebaram suke.

Tebaram ƙaramar hukumar karkara ce a gundumar Tawa, tare da irin su Bambeye, Afala, Takanamat, Barmu da Kalfu. Ƙasar gero ce da wake da kiwo, kuma ƙasar 'yan cirani. Rassan bankuna, irin su SONIBANK, BIA, BOA, Ecobank da BAGRI, a manyan garuruwa suke zaune, kuma binciken Bankin Duniya na 2017 da na 2021 duk sun nuna cewa baligan Nijar masu asusu, a banki ko a waya, ba su kai kashi 20 cikin 100 ba. A karkara abin ya fi haka ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Manomin da ya kai bunsuru kasuwa, dillali ya shiga tsakani, aka sallama, aka ƙirga masa jikkunansa a hannu, ya juya wajen masu awo ya sayi tiya goma ta gero, ya biya bashin mai shago, ya hau kabu-kabu ya koma gida. Ciniki huɗu ko biyar ke nan, kuma babu ko dala ɗaya da ta gitta ta wani asusu. Kasuwar Lahadi ta Tawa ma, duk girmanta, ranar da bankuna ke rufe take ci. Ga bashin amana tsakanin babban ɗan kasuwa da yaransa na ƙauye, wanda ake warwarewa bayan kaka. Ga adashe, ga akwatunan ƙungiyoyin Mata Masu Dubara da suka faro daga Maraɗi a 1991 suka bazu ko'ina. Duk kuɗi ne masu zagayawa, kuma littafin banki bai san da su ba.

To, su wa ke cikin littafin? Ma'aikatan gwamnati, malaman makaranta, sojoji da jandarmomi, ƙungiyoyin agaji, 'yan kwangila, da manyan 'yan kasuwa masu odar kaya. Saboda haka in da za a zana jadawalin kuɗin da ke fita daga bankunan Tawa mako-mako, abin da zai fi fitowa fili shi ne tudu ɗaya a kowane wata, wato makon da albashi ya sauka, sannan kwari har wani watan. Wannan kalandar baitulmali ce a Yamai, ba labarin gonakin Tebaram ba. Akwai kuma wata matsala da ba a cika lura da ita ba. Ana rubuta fitar kuɗi a inda asusu yake, ba a inda aka kashe su ba. Kamfanin da ya ci kwangilar haƙa rijiyar burtsatse a wani ƙauyen Tebaram, in asusunsa a Yamai yake, aikin a Adar aka yi shi amma lissafin ya tafi wa babban birni. Haka mai sayen albasar Galmi da ke biya daga Abijan ko Akara.

Babban bankin ƙasashe takwas masu amfani da sefa a Afirka ta Yamma, BCEAO, wanda cibiyarsa ke Dakar, yana da na'urorin da ke ganin kuɗin da ke yawo tsakanin bankuna: STAR-UEMOA na manyan kuɗi, wanda ya fara aiki a 2004, da SICA-UEMOA na caki da ƙananan turawa. Alƙaluman da aka saba gani daga wurinsa dai na ƙasa-ƙasa ne, wata-wata ko shekara-shekara, inda Nijar ke fitowa a dunƙule.

Inda kuɗin talakan Adar ke barin sawu a rubuce shi ne kantocin tura kuɗi: Al Izza, BNIF Afuwa, NITA, Amana, da asusun waya irin su Airtel Money. Da an gama girbi samari sukan watse, wasu Najeriya, wasu Abijan, wasu Kamaru, wasu su bi ta Agadas zuwa Libiya ko Aljeriya. Abin da suke aikowa gida ta waɗannan kantoci yake bi, ko ta hannun direba da ɗan gari mai komawa. In da kamfanonin nan za su riƙa bayyana jimillar abin da aka karɓa a kowace gunduma duk mako, da an sami ma'aunin da ya fi na banki kusa da rayuwar mutane sau goma.

Amma a nan ne ake buƙatar natsuwa, domin a wuri irin Tebaram ma'aunin yana iya juyewa ya faɗi kishiyar abin da aka saba. A garin masana'antu, yawan cire kuɗi alama ce ta ciniki. A ƙauyen 'yan cirani kuwa, yaushe ne uba ke buga wa ɗansa waya ya ce a aiko? Lokacin da rumbu ya yi ƙasa, daga bazara zuwa tsakiyar damina, sa'ad da tiya ta yi tsada, ga noma ga ba abinci. A shekarar da damina ta ƙi, samari sun fi fita, sun fi daɗewa, aike kuma ya fi yawa. Wanda ke zaune a ofis yana kallon lambobi zai ga kuɗi na ta kwarara a kantocin yankin ya ce arziki ya sauka, alhali yunwa ce ke ƙwanƙwasa ƙofa. A shekarar albarka kuwa, watan Oktoba, kowa na cin abin da ya noma, ana biki ana aure, layin kanti ya ragu, sai lambobin su ce yankin ya mutu.

Kuɗin agaji ma haka suke. Bayan farin 2009, ƙungiyar Concern Worldwide ta raba wa gidaje kusan 10,000 a jihar Tawa kimanin jika 22 na sefa kowane wata har wata biyar a 2010, wasu a hannu, wasu ta waya da tsarin Zap na kamfanin Zain. Binciken da Jenny Aker da abokan aikinta suka yi a ƙauyuka 96 ya nuna cewa waɗanda aka tura wa ta waya sun rage tafiya da jiran layi, kuma abincin gidajensu ya fi bambanta. Ya kuma nuna cewa kusan dukkansu da kuɗin sun shigo sukan cire su gaba ɗaya. Ma'ana, asusun ƙofa ce kawai: kuɗi su shigo sau ɗaya, su fita sau ɗaya, daga nan duk zagayen da za su yi a kasuwa a hannu za su yi shi. Misalin miliyan 1 da ta haifi miliyan 4 ba ya faruwa a littafi, a aljihu yake faruwa.

Shekarar 2023 ta ba da darasi biyu daga ɓangarorin iyaka biyu. A Najeriya, bayan canjin takardun naira 200, 500 da 1,000 da aka sanar a Oktoban 2022, tsabar kuɗi ta ɓace a farkon 2023. Mutane suka koma tura kuɗi ta waya dole, lissafin abin da ke fita daga asusu ya yi tashin gwauron zabo, a daidai lokacin da kasuwannin ƙauye irin na Illela, maƙwabciyar Ƙonni, ke fama da rashin masu saye. Bunƙasar tattalin arzikin Najeriya a watanni ukun farko na shekarar ta sauka zuwa kashi 2.31 cikin 100 daga 3.52 na watanni ukun da suka gabace su. A Nijar kuwa, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli da takunkumin da ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta ƙaƙaba ranar 30 ga wata, BCEAO ya rufe rassansa, bankuna suka ƙayyade abin da mutum zai iya cirewa, har zuwa ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairun 2024. Abin da ke fita daga asusu ya ragu ne don an hana, ba don masu shi ba su da buƙata ba, kuma 'yan kasuwa da yawa suka daina kai kuɗinsu banki. A wancan gefe lamba ta hau kasuwa na kwance, a wannan gefe wani ɓangare na ciniki ya fice daga idon banki kawai.

Ko a lokacin zaman lafiya, gwada mako da mako aiki ne mai santsi. Makon da hutu ya cinye kwana biyu dole ya yi ƙasa. Salla tana matsowa da kwana 11 kowace shekara, saboda haka makon sayen ragunan layya na bana ba zai faɗa kan na bara ba, kuma wanda ya gwada su ido rufe zai ga tashi ko faɗuwar da babu ita. Sannan ga tsada: in buhun gero ya ninka kuɗi kamar yadda aka gani a 2005, kuɗin da ke fita za su ƙaru ko da buhunan da aka saya sun ragu.

A ganina, wanda ke son sanin halin da Tebaram ke ciki a wannan mako, akwai ma'aunin da ya fi na banki, kuma Nijar ta daɗe tana tattara shi. Hukumar SIMA tana bin farashin hatsi a kasuwanni tana fitar da rahoto duk mako, takwararta ta dabbobi, SIM Bétail, tana bin farashin bisashe. Haɗa biyun ake yi a tambaya: in an sayar da bunsuru ɗaya, kilo nawa na gero zai sayo? In amsar tana raguwa mako bayan mako, makiyayi da manomi suna cikin matsi, ko me bankunan Tawa suka rubuta. In aka fara ganin tumaki da awaki mata masu haihuwa sun yi yawa a kara, an wuce matsi an shiga sayar da jari. A ƙara da kuɗin motar Tawa zuwa Ƙonni, da canjin naira da sefa a bakin iyaka, da ko samarin gari sun dawo kafin shuka ko sun aiko a yi musu ƙwadago. Lissafin banki na mako-mako, in an same shi, zai yi amfani wajen sanin ko albashi ya sauka a kan lokaci, ko 'yan kwangila sun sami biya, da ko manyan 'yan kasuwar Tawa sun fara odar kayan azumi.