Kiwon Mesa a Ɗaki: Jita-jita da Ainihin Haɗarin

A Amurka da Turai akwai masu kiwon maciji a ɗaki, suna haɗa barbara, suna ƙyanƙyasar ƙwai, suna sayar da 'ya'ya. Wadda suka fi so ita ce ƙaramar mesar nan mai dunƙulewa idan ta tsorata, wadda masana ke kira Python regius. 'Yar Afirka ce, kuma an daɗe ana fitar da ita daga Ghana da Togo da Benin.

Labarin da ya fi yawo shi ne wai mesa takan daina cin abinci, ta miƙe kusa da mai ita yana barci don ta auna ko zai haɗiyu. Ƙanzon kurege ne. Wannan mesar ba ta da dafi, da ƙyar take wuce mita ɗaya da rabi, kuma ɓera ne abincinta. Ƙin cin abincin kuwa, namiji kan yi watanni bai ci ba lokacin barbara, lafiyarsa ƙalau.

Abin tsoron ba ya ganuwa da ido. Macizai na ɗauke da ƙwayar cutar salmonela a hanjinsu ba tare da wata alama ba, tana fita ta kashi, ta manne a fata da keji da kwanon ruwa. Mutum ya taɓa, ya ci abinci bai wanke hannu da sabulu ba, sai zawo da zazzaɓi. Daskararrun ɓerayen da ake ba macizan ma sun sha yaɗa ta. Shi ya sa hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ke cewa kada yaro ɗan ƙasa da shekara 5 ya taɓa irin waɗannan dabbobi. Mai cewa macijinsa haihuwar gida ne don haka ba ya ɗauke da ita, yaudarar kansa yake yi.

Haihuwar gida dai tana da ranarta: ba kasafai take zuwa da kaska da tsutsar ciki irin na kamun daji ba. Sai dai cunkoso na da nasa cututtukan. A 2012 aka gano ƙwayar birus da ke bayan cutar IBD, mai sa maciji amai da karkacewar wuya, kuma har yau babu maganinta. A 2014 aka gano wata mai kama huhu, ta cika baki da majina. Don haka ƙwararru ke killace sabon maciji kamar wata uku kafin ya kusanci sauran. Maƙalewar ƙwai a cikin mace ma matsala ce ta gaske, kuma aikin likitan dabbobi ne. Matsawa da hannu na iya fasa mata mahaifa.

Inda na fi ganin son zuciya shi ne batun haɗa barbara don launi da zane. Akwai wata mesa mai zane siriri da ake kira Spider, wadda ke gadon rawar kai da juyewa, wata har ta kai wa ɓera sara ta kuskure. Masu sayarwa kan ce ai ɗabi'arta ce kawai. Bincike ya nuna nakasa ce a can cikin kunne, wurin da ke daidaita jiki, kuma tare da zanen ake gadonta, ba a iya raba su. A 2018 ƙungiyar masu kiwon irin waɗannan dabbobi ta Ingila, IHS, ta hana sayar da ita a bajekolinta, amma a Amurka ana ci gaba da haɗa ta barbara.