Alƙaluman Laifuffuka da Fargabar Jama'a a Birnin Tarayya, Abuja

Sau da yawa idan hukuma ta ba da sanarwa cewa laifuffuka sun ragu a Birnin Tarayya, jama'a sukan kaɗa kai su ce ai sai ma abin da ya ƙaru. Ma'aikacin da ke sammako daga Kubwa ko Nyanya, da direban tasi, da mai shago a kasuwar Wuse, kowa yana da labarin fashi ko sata da ya ji. Wannan saɓani ba ƙaramin al'amari ba ne, domin da alƙaluma Gwamnati take raba 'yan sanda da motocin sintiri, su kuwa jama'a da abin da ke zukatansu suke yanke shawarar inda za su kama haya da lokacin da za su rufe shago. Manufar wannan takarda ita ce bayyana inda alƙaluman suke fitowa, da dalilin da ya sa sukan saɓa wa abin da mutane ke ji.

HANYOYI BIYU NA ƘIDAYAR LAIFI

Hanya ta farko ita ce littafin 'yan sanda, watau ƙarar da aka kai caji ofis aka rubuta. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa takan tattara waɗannan ta buga. A shekarar 2016 an rubuta laifuffuka 125,790 a ƙasa baki ɗaya. Daga ciki Birnin Tarayya yana da 13,181, jihar Legas ce kaɗai ta fi shi. A 2017 jimlar ƙasa ta hau zuwa 134,663, amma Birnin Tarayya ya fita daga sahun uku na sama, har jihar Delta mai 7,150 ta wuce shi. Ke nan a kan takarda laifuffukan Abuja sun ragu da kusan rabi ko fiye cikin shekara guda.

Sai dai lalle ne a yi hattara da irin wannan lissafi. A cikin rahotannin nan biyu, jihar Abiya ta tashi daga 364 a 2016 zuwa 12,408 a 2017. Babu mai hankalin da zai ce mutanen jiha guda sun ninka mugun hali fiye da sau talatin cikin wata goma sha biyu. Irin wannan tsalle yana nuna cewa littafin 'yan sanda yana auna abu biyu a haɗe: laifin da aka aikata, da kuma yadda aka kai ƙara aka rubuta ta.

Hanya ta biyu ita ce bi gida gida ana tambayar mutane abin da ya same su, ko sun kai ƙara ko ba su kai ba. A watan Disamba na 2024 Hukumar Ƙididdiga ta fitar da sakamakon irin wannan bincike, wanda ya shafi watan Mayu na 2023 zuwa Afrilu na 2024. Ta ƙiyasta laifuffuka kimanin miliyan 51.9 a ƙasa, adadin da ya jawo muhawara ƙwarai. Abin lura shi ne, cikin gidajen da aka shiga aka yi wa fashi, kashi 36 cikin ɗari ne kawai suka sanar da 'yan sanda. Sauran suka yi shiru, yawancinsu don suna ganin ƙarar ba za ta haifar da kome ba. Laifin da aka yi shiru a kansa ba ya shiga littafi, amma yana shiga hirar unguwa.

BA NIJERIYA KAƊAI BA

A Amurka, alƙaluman hukumar FBI sun nuna cewa laifuffukan ta da hankali, irin su kisa da fashi, sun ragu da kusan rabi tsakanin 1993 da 2022. Duk da haka, a yawancin shekarun nan, idan kamfanin Gallup ya tambayi Amurkawa, mafi yawansu sukan ce laifi ya fi na bara. A Ingila ma, inda aka soma binciken gida gida tun 1982, laifuffuka sun kai ƙololuwa a 1995, daga nan suka yi ta sauka, amma jama'a suka ci gaba da cewa suna hawa. A ƙasashen biyu an ga abu guda: waɗanda ke cewa laifi ya ƙaru a ƙasa sun fi waɗanda ke cewa ya ƙaru a unguwarsu yawa nesa ba kusa ba. Mutum da idonsa yake auna unguwarsu, ƙasa kuwa da kunnensa.

ABIN DA KE SA FARGABA TA RINJAYI LISSAFI

Na farko, halin labari. Ba wanda zai ba da labarin cewa motoci dubu sun tashi daga Gwagwalada sun isa cikin gari lafiya. Amma in 'yan wan cans, watau ɓarayin da ke shigar direbobin haya, suka ɗauki fasinja ɗaya suka ƙwace masa waya, kafin magariba labarin ya zaga WhatsApp da Facebook. Laifi ɗaya yakan iso wa mutum ta baki goma, sai ya ƙirga shi goma.

Na biyu, babban tashin hankali ba ya gushewa daga zuciya. Bam ɗin tashar motar Nyanya na 14 ga Afrilu, 2014, da fasa gidan yarin Kuje na 5 ga Yuli, 2022, da sace-sacen mutane a yankin Bwari a watan Janairu na 2024, duk sun faru da gaske, kuma an yi hasarar rayuka. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura. Wannan ba wauta ba ce, halin ɗan Adam ne.

Na uku, ƙaruwar jama'a. A ƙidayar 1991, shekarar da Gwamnatin Tarayya ta ƙaura daga Legas, mutanen Birnin Tarayya ba su kai dubu 400 ba. A ƙidayar 2006 sun kai kimanin miliyan 1.4. Ga misali don sauƙin fahimta: gari mai mutum 10,000 da aka yi sata 100 a cikinsa, mutum ɗaya cikin ɗari abin ya shafa. In garin ya zama mai mutum 40,000 aka yi sata 200, yawan sata ya ninka, amma mutum ɗaya cikin ɗari biyu ke nan. Mai cewa sata ta ƙaru ya yi gaskiya, mai cewa haɗarin kowane mutum ya ragu shi ma ya yi gaskiya.

Na huɗu, laifi ba ya rabuwa daidai. Birnin Tarayya yana da ƙananan hukumomi shida: Birni da Kewaye, Bwari, Gwagwalada, Kuje, Kwali da Abaji. Halin Maitama da Asokoro dabam yake da na ƙauyukan Bwari da ke iyaka da jihohin Kaduna da Neja. Jimla tana iya sauka alhali tana hawa a wani lungu. Haka kuma in satar waya ta ragu da ɗari, satar mutane ta ƙaru da goma, jimla ta ragu, amma hankalin magidanci ba zai kwanta ba, kuma yana da hujja.

HAƊARI TA FUSKA BIYU

Fargabar da ta wuce kima tana da ɓarna. Takan sa a rufe kasuwa da wuri, a guji baƙo, a ɗauki doka a hannu. A ƙarshen 2023 jita-jitar ɓacewar mazakuta ta bazu a Abuja, aka lakaɗa wa mutane duka bisa zargi kawai, har 'yan sanda suka gurfanar da waɗansu masu ƙarar ƙarya gaban shari'a. Sakankancewa da alƙaluma ita ma tana da tata ɓarnar, domin unguwar da ba ta kai ƙara za a ɗauka lafiya lau take, a kai motar sintiri wani wuri. Saboda haka bai kamata jami'i ya rena kukan jama'a don littafinsa ya nuna sauƙi ba, bai kuma kamata jama'a su yi watsi da lissafi don wani hoto da suka gani a waya ba.

ABIN DA AKE BUKATA DAGA KOWANE ƊAN ƘASA

1. Ya kai ƙarar kowane laifi caji ofis mafi kusa, kome ƙanƙantarsa, ya kuma tabbata an rubuta. Kai ƙara kyauta ne.

2. In abu na gaggawa ne, ya buga lamba 112, wadda ba a biyan kuɗin kiranta.

3. In ya ji an ce laifi ya ragu ko ya ƙaru, ya tambaya: wane irin laifi, a ina, daga wace shekara zuwa wace, kuma wa ya ƙirga?

4. Kada ya tura hoto ko saƙon murya sai ya san rana da wurin da abin ya faru. Sau da yawa tsohon hoto ne, ko na wata ƙasa.

5. In an kama wanda ake zargi, a miƙa shi ga 'yan sanda. Hukunci aikin alƙali ne.

6. Ya haɗa kai da mai unguwa da dagaci da maƙwabta, domin su suka san baƙuwar fuska a unguwa.

Haƙƙi ne a kan hukuma ta karɓi ƙara da mutunci, ta bi sawunta, ta kuma riƙa buga alƙaluma a kan kari, ko sun yi daɗi ko ba su yi ba. Haƙƙi ne a kan jama'a su kai ƙarar. Ranar da littafin caji ofis ya ƙunshi abin da ake faɗa a majalisar unguwa, ranar ce za a san tabbas ko laifi yana raguwa a Birnin Tarayya, a kuma san inda ya fi bukatar magani.