Maraɗi: Abin da ke hana mata hawa matakan koyarwa a jami'a

A Faransa, malamar jami'ar gwamnati ba ta da ikon shiga aji da hijabi, domin doka ta hana ma'aikatan gwamnati nuna alamar addini a bakin aiki. A Maraɗi kuwa, inda kusan kowa Musulmi ne, ba mai tare malama a ƙofa saboda lulluɓi. Nata shingen yana wani wuri daban.

Birnin ya zama matattarar ilimi mai zurfi. An kafa jami'ar gwamnati a 2010, wadda yau ke ɗauke da sunan Dan Dicko Dankoulodo, sannan a 2013 aka buɗe Jami'ar Maryam Abacha mai zaman kanta, wadda ke jan ɗalibai daga Najeriya. Sai dai duk sanda aka ƙara hawa matakin koyarwa, mata ƙara raguwa suke yi.

Tun daga ƙasa ake fara zubar da su. Binciken lafiyar jama'a na 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na 'yan matan Nijar ana aurar da su kafin shekara 18, a jihar Maraɗi kuma adadin ya kai kashi 89. Yarinyar da aka cire daga koleji a Tibiri ko Jiratawa ba za ta ga bakaloriya ba, balle digirin dokta. Wannan ne ya sa gwamnati ta fitar da dokar kare karatun 'ya mace a watan Disamban 2017.

Wadda ta tsallake kuma, sai ta tarar da wani tudun. Ƙarin girma a jami'o'in Nijar yana bi ta hukumar CAMES mai mazauni a Wagadugu, kuma abin da take dubawa shi ne binciken da malami ya wallafa. Bincike na son tafiye-tafiye zuwa Yamai ko ƙetare, a daidai shekarun haihuwa da reno. Namiji kan ɗauki jaka ya kama hanya. Mace sai ta nemi yardar maigida, ta samo mai riƙe mata yara, ta kuma jure tsegumin unguwa. Ranar auna takardu, ma'auni ɗaya ake yi musu.

Shugabancin mata ba baƙo ba ne a nan. Inna a fadar Gobir da ke Tibiri da Iya a fadar Maraɗi sarautu ne masu faɗa a ji tun kaka da kakanni. Farfesa Bouli Ali Diallo ma ta shugabanci Jami'ar Abdou Moumouni daga 1999 zuwa 2005.

A 2019 an ɗaga kason mata a muƙaman naɗi zuwa kashi 30 cikin 100. Amma kaso ba ya samar da farfesa. Abin da zai samar da ita shi ne kuɗin bincike, da wurin renon yara a harabar jami'a, da barin yarinyar Jiratawa ta gama karatunta.